Ƙararrawar hayaƙi cikin tafi-da-gidanka: in ta yi kuka babu wuta, laifin wa?

A ƙasashen Turai da Amurka da Ostiraliya akwai wani irin ɗaki mai ƙafafun roba wanda ake ɗaurawa bayan mota a ja shi duk inda za a. Da faransanci ana ce masa karaban. Wanda ya ji sunan a nan zai zaci ayarin raƙuma ne masu zuwa Bilma ɗaukar gishiri, kuma lalle daga ayari sunan ya samo asali, amma wannan ayarin na gida guda ne. Mu ce masa tafi-da-gidanka. Cikinsa akwai gado, akwai teburin cin abinci, akwai murhun gaz, akwai ɗan wurin wanka, duka a cikin wurin da tsawonsa galibi metir 4 zuwa 7 ne, faɗinsa kuwa metir 2 da rabi ko kusa da haka, don hanya ba ta ɗaukar abin da ya fi. Wasu hutu suke tafiya da shi. Wasu kuwa shi ne gidansu rani da damina: mutanen da a Faransa ake kira masu tafiya, da takwarorinsu na Ailan da Ingila, da ma'aikatan gonaki da na shantiye, da waɗanda kuɗin haya ya fi ƙarfinsu.

A rufin ɗakin nan ana manna wata ƴar na'ura fara, kamar faifan rufe ƙwarya amma ƙarama, mai aiki da pil. Aikinta guda ne: in ta ji hayaƙi ta yi kururuwa ta tashi masu barci. Ita ce ƙararrawar hayaƙi. Ƙa'idar Turai mai lamba EN 14604 ta ce ƙararta kada ta kasa desibel 85 ga wanda ke tsaye metir 3 daga gare ta. Ku auna irin wannan ƙara cikin ɗakin da kan mai barci bai fi taki biyu da ita ba.

To, ƙorafin masu tafi-da-gidanka iri ɗaya ne ko'ina. An ɗora burodi za a gasa, ta yi kuka. An buɗe ƙofar wurin wanka, ta yi kuka. Wani lokaci ma tsakar dare, kowa na barci, babu wuta babu hayaƙi, sai ta fasa ihu ta tashi maƙwabta. Sau ɗaya a yi dariya, sau biyu a yi tsaki. Na uku sai mai gida ya miƙa hannu ya cire pil ya jefa aljihun tebur, ko ya sa mata safa kamar hula, yana cewa gobe zai maida. Goben nan ita ce ba ta zuwa.

Ra'ayina a kan wannan shi ne: kukan banza ba ƙaramin abu ba ne da za a ce wa mutane su yi haƙuri da shi kawai. Shi ne ƙofar da mutuwa ke bi ta shiga, domin shi ke koya wa mutum ya rufe bakin mai gadinsa da hannunsa. Kuma hukumar da ta tilasta a sa ƙararrawa, amma ba ta damu da irin wadda za a sa ba, da wurin da za a sa ta, da yadda za a lallashe ta in ta yi kukan banza, ta yi rabin aiki ne.

Kafin a raba laifi, sai mu san yadda abin ke aiki. Ƙararrawar nan iri biyu ce. Ta farko tana ɗauke da ɗan ƙwayar wani ƙarfe mai suna amerisiyum 241, wanda ake samu daga tukunyar nukiliya. In an bi salsala, jikan uraniyum ne irin wanda ake haƙowa a Arlit. Ƙarfen yana sa ɗan kuran ya riƙa ratsa iskar da ke tsakanin farantai biyu. Da hayaƙi ya shiga tsakaninsu sai kuran ya ragu, sai ta yi kuka. Wannan irin tana da saurin jin ƙananan ɓurɓushin ƙuna waɗanda ido ba ya gani, irin waɗanda ke tashi daga burodin da ake gasawa ko man da ya yi zafi. Ta biyu da haske take aiki. Cikinta akwai ɗan ɗaki mai duhu, da ƴar fitila, da wani ido da aka ajiye gefe inda hasken ba ya kai masa. Duk wanda ya taɓa zama cikin ɗaki ya ga hasken rana ya ratso ta ɓular rufi ya san ba a ganin sandar hasken sai in da ƙura cikin iska. Haka nan: in hayaƙi ya shiga, sai ya watsa hasken ya faɗa kan idon, sai ta yi kuka. Wannan ta fi jin hayaƙi mai kauri na abin da ke ci a hankali, kamar katifa ko wayar kuran, kuma girki bai cika tayar mata da hankali ba kamar ta farko. Amma ita ma tana da nata: tururi, ƙura, da ƙwari.

Kun ga ke nan na'urar ba ta san wuta ba. Abin da ke yawo cikin iska ta sani. Ba ƙarya take yi ba in ta yi kuka. Ta ji wani abu, sai dai ba ta iya rarrabe hayaƙin katifa da tururin tukunya. Kamar karen gadi ne da ke yi wa ɓarawo haushi, ya kuma yi wa bushiya.

A gidan gini ana rage wannan da nisa. Ƙa'idar Amurka ta ce a nisanta ƙararrawa daga murhu da aƙalla metir 3, kuma masu ƙera ta suna gargaɗin kada a kafa ta bakin ƙofar wurin wanka. To, cikin ɗaki mai tsawon metir 5, wanda murhunsa ke tsakiya, ina za a sami metir 3 ɗin nan? Ko'ina ka sa ta, kusa da murhu take, kusa da wanka take, kusa da gado take. Rufin kuma gajere ne, ba ya kai metir 2 a yawancinsu, don haka abin da ya tashi daga kasko nan da nan ya isa gare ta. An ɗauki na'urar da aka yi wa gida mai ɗakuna an saka ta cikin akwati, sa'an nan ana mamakin ta cika surutu.

Kukan tsakar dare shi ya fi ɗaure wa mutane kai, amma shi ma yana da dalilansa. Mutum huɗu in suka kwana cikin ƙaramin ɗaki rufe a daren sanyi, numfashinsu kaɗai ya isa ya sa bango da taga su yi gumi. Raɓar nan in ta taru cikin ɗan ɗakin na'urar sai ta watsa haske daidai yadda hayaƙi zai yi. Na biyu, tafi-da-gidanka yakan yi wata biyar ko shida a ajiye lokacin hunturu ba mai shiga. Gizo-gizo ya sami gida mai duhu babu mai damunsa, ya yi saƙa. Ƙananan ƙwari su shiga. Ƙura ta kwanta. Ranar da aka ja ɗakin bisa hanya, girgiza ta motsa duk abin da ya kwanta. Maganin sauro na fesawa da turaren jiki na fesawa su ma suna tayar da ita. Akwai kuma zafi da sanyi: ɗakin da aka rufe cikin rana yana zama tanda, da dare ya koma randa, kuma kayan cikin na'urar suna tsufa da wuri saboda haka. Shi ya sa ƙa'idar EN 14604 ta ware wani babi na gwajin zafi da sanyi don ƙararrawar da za a sa cikin irin waɗannan ɗakuna. Ba kowace ta kasuwa aka yi wa gwajin ba, kuma mai saye kaɗan ne ya san ya duba kwalin.

Sai wani kukan dabam da mutane ke haɗawa da wancan: ɗan tsiit guda, ya yi shiru, bayan kamar minti ɗaya ya sake. Wannan ba gobara take faɗi ba, cewa take pil ya kusa ƙarewa. Yakan fara ne gab da asuba, lokacin da sanyi ya fi tsanani, don sanyi yana rage ƙarfin pil. Rana na fitowa sai ta yi shiru, mai gida ya ce ai ta warke. Ƙa'idar ta ce ta iya ci gaba da wannan roƙo har kwana 30. Wata guda cur tana neman a ba ta abinci, amsar da takan samu ita ce a ƙwace ɗan wanda ya rage mata.

Me ya sa nake ɗaukar abin da zafi haka? Domin tafi-da-gidanka ba gidan ƙasa ba ne da wuta za ta ci tabarma ta tsaya. Falanki ne marar kauri, da roba, da soso, da labule, ga kwalaben gaz a gaba, ƙofa kuma guda. In wuta ta kama, lissafin mintoci ake yi, kuma hayaƙin soso yana kayar da mai barci tun harshen wutar bai iso shi ba. Ranar 10 ga Oktoba 2015, kafin asuba, gobara ta tashi a zangon masu tafiya da ke Carrickmines, kudancin birnin Dublin na ƙasar Ailan. Mutum 10 suka rasu, 5 daga cikinsu yara. Binciken da aka kammala a 2019 ya nuna daga tukunyar man suya da aka bari bisa murhu wutar ta fara, ta cinye ɗakin, ta tsallaka wanda ke maƙale da shi. Domin irin wannan tsallakawa ne ƴan kashin gobara na Ingila ke cewa a bar metir 6 tsakanin tafi-da-gidanka da ɗan'uwansa. Amma abin da nake so mu riƙe daga wannan musiba shi ne murhun. Murhun da ke sa ƙararrawa kukan banza da rana, shi ne dai ke tayar da gobarar gaske da dare. Wanda ya cire pil saboda suyar magariba ya cire shi ne daidai gaban daren da ya fi bukatarsa.

Akwai lissafi a kan wannan hali. Ƙungiyar NFPA ta Amurka, mai bin diddigin gobara, ta duba gobarar gidaje daga 2014 zuwa 2018. Ta samu kashi 41 cikin 100 na waɗanda suka mutu a gidajen da babu ƙararrawa suke, kashi 16 kuma a gidajen da akwai ta amma ba ta yi kuka ba. Inda aka sami ƙararrawar ba ta yi aiki ba, cikin kashi 41 bisa 100 pil ɗin ne babu ko aka cire, kuma ƙungiyar ta ce babban abin da ke sa mutane cirewa shi ne kukan banza. Lissafin gidaje ne gaba ɗaya, inda akwai sarari da za a nisanta ta daga murhu. Wanda ke cikin akwatin metir 5 jarabar cirewa ta fi yi masa yawa.

Wani zai ce: ai laifin mai cirewa ne, an gaya masa, ya ƙi ji. Gaskiya ne yana da nasa kaso. Amma duk ma'aikacin da ya taɓa kai wa jama'a wani sabon abu, famfo ne ko murhu mai tsimin itace, ya san in abu yana wahalar da mutane kullum, wa'azi ba ya hana su yar da shi. Sai an gyara abin. Uwa mai jariri da aka tasa sau uku cikin dare ba za ta tuna da takardar gargaɗi ba.

Ƙasashen da abin ya shafa ba su bi hanya ɗaya ba. Faransa ta yi doka ranar 9 ga Maris 2010 cewa kowane gidan zama ya sami aƙalla ƙararrawa guda kafin 8 ga Maris 2015, ta kuma hana irin mai amerisiyum a gidaje. Dalilin hanin shi ne ƙarfen da ke ciki, amma ya zo da wata riba, tunda ita ce irin da girki ya fi tayarwa. A Amurka an sake ƙa'idar gwaji mai lamba UL 217, wadda sabon tsarinta ya fara aiki a 2024: yanzu sai an gasa nama kusa da na'urar an ga ba ta yi gaggawar kuka ba, sa'an nan a ƙona soso a ga ta yi kuka a kan lokaci. Abin kamar wasa, masana suna gashin nama cikin ɗakin gwaji, amma amsa ce ga ƙorafin shekara da shekaru.

Ostiraliya ce ta fuskanci tafi-da-gidanka kai tsaye. Jahar New South Wales, inda birnin Sidni yake, ta tilasta tun watan Fabrairu 2011 a sa ƙararrawa cikin duk irin wannan ɗaki da ake kwana ciki, ta kuma ce lalle ta kasance mai maɓallin lallashi, wato wanda in an danna sai ta yi shiru na ɗan lokaci. Jahar Queensland ta biyo baya: daga 1 ga Yuli 2024 duk wanda za a yi wa sabuwar takarda ko za a sayar sai da ƙararrawa mai aiki da haske, mai pil na shekara 10 wanda aka rufe ciki ba ya ciruwa, kuma dokar ta ajiye 1 ga Yuli 2027 ranar da za ta hau kan sauran duka.

A ganina maɓallin lallashin nan shi ne mafi hikima cikin dukan waɗannan dokoki, domin ya yarda da halin ɗan Adam. Mai doka ya san za a yi suya, ya san za ta yi kuka, ya san hannu zai miƙa. Sai ya ba hannun abin dannawa maimakon abin cirewa. Masu suka suna cewa ai cikin mintocin da ta yi shiru wuta na iya tashi. Haka ne, amma shirun na kamar minti 10 ne, mai girkin yana tsaye idonsa biyu, kuma da lokacin ya cika ita da kanta take komawa bakin aiki. Pil da aka jefa aljihun tebur ba ya komawa da ƙafarsa. Pil marar ciruwa na Queensland kuwa ina da ɗan shakka a kansa in shi kaɗai ne: wanda ya gaji da ihu, in bai iya cire pil ba, zai kwance na'urar ɗungurungum ya kai ta bayan mota. Sai an haɗa shi da maɓallin, da irin da ta dace, da wurin da ya dace, wato can wajen gado, nesa da murhu gwargwadon abin da ɗakin ya bari.

Wasu suna ba da shawarar a bar ta hayaƙi a sa mai jin zafi, wadda ba ta kuka sai iska ta kai kusan digiri 58. Ita kam burodi ba ya tayar da ita. Amma kafin rufin ƙaramin ɗaki ya kai wannan zafi, hayaƙi ya riga ya gama da masu barci. Ta yi kyau a kicin na gidan gini. Ba ta isa ta zama mai gadin gado ba.

Kada kuma a ɗauka duk kukan da ba a ga dalilinsa ba na banza ne. Wayar kuran tana iya cin kanta a hankali bayan firigo ko ƙarƙashin kujera, inda hanci bai kai ba tukuna. Sannan a wasu ɗakunan nan akwai ƙararrawa ta biyu, mai jin iskar nan marar wari marar launi da gawayi ko gaz ke fitarwa in bai ƙone sosai ba, wadda ke kashe mutane cikin barci. Ta hayaƙi ba ta jin wannan iska, ba ta kuma jin gaz in ya zuba. Kowace da nata aikin. Ta biyun takan yi kuka wani lokaci babu murhu a kunne, a bincika a tarar batirin ɗakin ne ya lalace yana tafasa wajen caji, yana fitar da iskar haidurojin wadda na'urar ke ɗauka tamkar waccan. Ta yi kuskuren suna, amma ta nuna haɗari na gaske. Don haka in ta yi kuka, a fitar da yara tukuna, a duba, sa'an nan a yi mata faɗa.

Mu nan ba mu da al'adar jan gida zuwa hutu. Amma ɗan'uwan tafi-da-gidanka yana nan cikinmu: ɗakunan kwantena da ake girkawa a shantiyen hanya, da wuraren haƙar ma'adinai da man fetur, inda ma'aikata ke kwana ko ake yin biro. Waɗanda aka sayo daga waje sukan zo da ƙararrawarsu manne a rufi. Abin da ke damun ta a Turai, a nan ninki ne: ƙurar hunturu da ke shiga ko'ina, hayaƙin maganin sauro, turaren wuta, shayi bisa gawayi, ga zafin watan Afrilu. In ba a sa wani ya kula da ita ba, mako guda ya isa a rufe mata baki. Ina kira ga ma'aikatan da ke sa hannu kan takardun sayen irin waɗannan ɗakuna da su tambayi kampani abu uku kafin su karɓa: wace iri ce, tana da maɓallin lallashi, kuma wa zai riƙa share ta. Sharar ba wuya: a zuƙe ƙurar ramukanta da injin zuƙar ƙura ko a goge da buroshi mai laushi, a kai a kai lokacin hazo. Kada a shafe ta da fenti, kada a fesa mata maganin ƙwari.

A kuma juya ta a duba bayanta. Nan ake rubuta ranar da aka ƙera ta ko ranar da za a sauya ta, kuma ranta shekara 10 ne. Danna maɓallin gwaji yana nuna pil da ƙahonta suna aiki, amma ba ya nuna ko ƙura ta toshe hanyar da hayaƙi zai bi ya shiga. Wadda aka ƙera a 2014 ta gama wa'adinta tun 2024, ko da tana amsawa duk lokacin da aka danna ta.